Ƙibar Baban Safiyyah

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
17 ga Oktoba, 1999

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya sanyin Gembu? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Safiyyah ta shiga aji biyar, Kabir kuma yana famfara, in ya yi dariya sai ki ga wawulo. Surukata Inna tana Kibiya, kwanan baya ta aiko mana da daddawa da gaisuwa.

Albishirinki, ƙanenki ya samu ɗaukaka. Tun da soja suka sauka aka yi zaɓe, wani abokinsa na makaranta da ya ci kujera ya ɗauko shi daga ofishin ilimi ya mai da shi mai taimaka masa. An ba shi mota. Tsohon babur ɗin nan yana zaure, kaji ke kwana a kai. Ni ma ya buɗe min kanti a ƙofar gida, har da firji, ina sayar da lemo da biredi da taliya.

Ga hotonsa nan na sako miki. Shekara shida rabonki da shi, na san ba za ki gane shi ba. Wuya ya cika, kumatu sun sauko, Tanko tela ya ce yadi goma ya daina isarsa babbar riga. Matan unguwa in sun gan ni sai su ce, "Safara'u, kin iya kiwo." Ba na ɓoye miki, daɗi nake ji. Da safe shayi mai kauri da biredi da ƙwai huɗu, da rana a wurin taro shinkafa da kaza, da yamma in yi masa taliya ko sakwara ya kora da lemo kwalba biyu masu sanyi. Kin san irin tashin da ya yi. Abin da bai samu ba yana yaro na rantse sai ya ci ya more.

Kukansa ɗaya ne, ƙishirwa. Buta ba ta hutawa, kuma ana cikin hira sai ki ji minshari. Na ce gajiyar siyasa ce.

In kin samu mai zuwa, ki aiko mana da ganyen shayinku na can.

Taki,
Safara'u


Gembu
9 ga Nuwamba, 1999

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai ruwan sama da bai gama ɗaukewa ba. Allah ya sanya alheri a sabon aiki da kanti. Shayi yana hannun direban da zai kawo miki wannan.

Ina rubutu ne a tsaye tsakanin marasa lafiya, don haka ba zan yi kwana-kwana ba. Na ga hoto, kuma gabana ne ya faɗi. Babana da baban mijinki Isyaku wa da ƙane ne, gida ɗaya muka tashi, ni na goye shi. Na san ƙirar gidanmu. Babansa, Baba Inuwa, har ya rasu, rigar da ya yi angonci da ita tana shigarsa. Wannan da na gani a hoto ba jikin gidanmu ba ne.

Ƙishirwa da yawan fitsari da barci a zaune ba gajiyar siyasa ba ce. Shekara ashirin da biyu ina aikin jinya, na san wannan labari. Ki sa shi gaba ku je asibiti a auna sukarinsa da jininsa a satin nan, kada a ce sai bayan azumi.

Kuma ki ji ni da kyau: abin da kike zuba masa a kwano shi zai kai shi ƙasa.

Ki gai da yara.

Yayarki,
Binta


Gyaɗi-Gyaɗi
2 ga Disamba, 1999

Yaya Binta,

Salama. Muna lafiya. Shayi ya iso, an gode.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Shekarar da aka yi aurenmu, da Baban Safiyyah ya ƙi komawa Kibiya da zama, wasu a danginku sun ce wani abu na zuba masa a abinci na juya masa kai. Na haɗiye, shekara goma sha uku ban tanka ba. Ban taɓa zaton daga bakinki zan sake ji ba, ke da na ɗauka uwa.

Allah shi ne shaidata, ban taɓa zuba wa ƙanenki komai a kwano ba sai abin da na ci, 'ya'yana suka ci. In wani ya kai miki magana, ki faɗa min sunansa.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Safara'u


Gembu
20 ga Janairu, 2000

Ƙanwata Safara'u,

Assalamu alaikum, an yi Sallah lafiya? Ya Baban Safiyyah, ya yara? Wasiƙarki ta yi wata guda da rabi a hanya, gada ce ta karye.

Subhanallahi. Ba wanda ya kawo min magana, kuma wannan tsohon zance ko a mafarki bai zo min ba. Ƙwai da taliya da lemo nake nufi, waɗanda kika lissafa min da hannunki. Laifina ne, na rubuta da gaggawa kamar ina yi wa ma'aikatan ɗakina faɗa. Ki yafe min. Amma maganar asibiti ban janye ta ba.

Bari in faɗa miki abin da na kasa faɗa da kyau. Na san za ki ce ai Baba Inuwa ya fi Isyaku ci. Gaskiya ne, malmala uku yake tashi da su. To amma tuwon dawa ne da miyar kuka, kuma kafin ya zauna ya ci ya yi wuni yana huɗa. Ranar kasuwar Rano da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa, da buhu a kai. Mu mata kuwa kafin rana ta take mun yi surfe, mun ɗebo ruwa sau huɗu, mun yo itace. Sukari sai an yi baƙo. Nama sai Sallah ko suna. Abin da ya shiga ciki, aiki ya cinye shi kafin magariba.

Yanzu ki duba ranar Isyaku. Daga katifa zuwa mota, daga mota zuwa kujera, daga kujera zuwa gaban talabijin. Ko masallacin Juma'a na tabbata a mota yake zuwa. Abincin Sallah ya zama na kullum, sau uku. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙwaya takwas. Ki ƙirga takwas a tafin hannunki ki ga ko za ki iya ba mutum ya tauna. Shi yana shan biyu bayan ya ƙoshi. Jikin nan irin na babansa ne, jikin da ya saba ajiye ko ƙwayar hatsi don ranar babu. Ranar babu ta daina zuwa, shi kuwa bai daina ajiya ba.

A nan ina gani da idona. Matan da ke hawa tsauni da kwandon masara, ba mai tumbi a cikinsu. Amma ma'aikatan sakatariya da masu manyan shaguna sun fara zo mana da hawan jini, abin da da can sai mu yi wata ba mu gani ba.

Ki yi fushi da ni in kina so, amma ki kai shi a auna.

Yayarki,
Binta


Gyaɗi-Gyaɗi
11 ga Afrilu, 2000

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yara lafiya. Baban Safiyyah da sauƙi, jiya aka sallamo mu bayan kwana goma sha tara a asibiti.

Zan fara da laifina. Wasiƙarki ta zo tun farkon Fabrairu, na jefa ta cikin kwalla ban buɗe ba. A bakin gadonsa na karanta ta.

Sati guda bayan Babbar Sallah suna wani taro a Tarauni, ya miƙe zai yi magana sai ya yanke jiki ya faɗi. Da aka auna sukarinsa, likita ya ce bai san yadda mutumin nan yake yawo ba. Jini ma ya hau. Da aka cire masa safa kuma sai ga gyambo a ƙaramin yatsan ƙafar hagu, ya yi baƙi. Sabon takalmi ne ya ji masa ciwo tun kafin Sallah, bai ji zafi ba, bai gaya wa kowa ba. An yanke yatsan. Likita ya kira ni gefe ya ce, "Hajiya, yau yatsa ne. In sukarin nan bai sauka ba, in bai rage nauyin nan ba, nan gaba daga gwiwa za mu fara." Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce ya rubuta min abin da zai ci da abin da ba zai ci ba.

Kin yi gaskiya, kuma ni ce na karanta ki a karkace. Ki yafe min. Amma akwai inda ban yarda da ke ba, kuma gara in faɗa.

Kin yabi zamanin Baba Inuwa kamar kowa lafiya ce ta hana shi ƙiba. Ina da shekara tara aka yi babban farin nan. Na ci dusa. Ƙanena Bello a bayan uwata ya mutu, wuyansa kamar tsinke. Ramar mutanen da, rabinta yunwa ce, Yaya. Shi ya sa duk wanda ya fito daga cikinta, in ya ga ƙiba sai ya ga rufin asiri. Ba wauta ce ta sa matan unguwa suke yaba min ba.

Kuma ba lalaci ne ya kai mu ga taliya ba. Minti goma a kan risho ta dahu. Tuwon dawa sai na aika niƙa, sai na nemi itace, ga kanti, ga yara za su makaranta. Tafiya a ƙasa kuma, ina za a bi? Titin gidan zu ’yan acaɓa ba sa barin mutum ya taka, lungu kuma kwata. Magidanci mai muƙami in aka gan shi yana tafe a ƙasa, cewa za a yi an ƙwace motar.

Duk da haka na ɗaura ɗamara. Surfe dai ba zan koma ba, inji yana nan. Amma na kwashe lemo daga firjin cikin gida, na kanti kuma na sa kwaɗo, makulli yana ƙuguna. Na sayo ƙaramin kwano, shi ne ma'auninsa. Da safe kunu ba sukari da ƙosai uku. Da rana wake ko dambu da zogale mai yawa. Da yamma tuwon dawa malmala ɗaya. Duk gidan haka muke ci, don ba zan ci kaza yana kallo ba. Ni ma da aka ɗora ni a sikeli nas ɗin sai da ta kalle ni. Kabir ya yi bore kwana biyu, yunwa ta sasanta mu.

Ki rubuto min abin da na manta.

Taki,
Safara'u


Gembu
6 ga Mayu, 2000

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Na yi kuka, na kuma yi hamdala da abin ya tsaya a yatsa. Allah ya ƙara sauƙi. Ba sauran neman gafara tsakaninmu.

Maganar fari kin fi ni gaskiya. Ni lokacin ina makarantar kwana ana ba mu abinci, na manta. Ba na roƙon Allah ya mai da kowa can.

Abin da za ki ƙara kaɗan ne. Magani a kan lokaci, ko ya ji garau. Kullum ki duba ƙafafunsa da idonki, har tsakanin yatsu, don shi ba zai ji ba. In ciwon ya warke likita ya yarda, ya fara tafiya bayan sallar asuba kafin ’yan acaɓa su fito, da takalmi mai laushi, kaɗan-kaɗan. Ki bar shi ya ci nama jefi-jefi, kada ya tsane ki.

Abu ɗaya nake ji miki. In ya fara faɗawa, mutane za su yi magana. Ki shirya.

Yayarki,
Binta


Gyaɗi-Gyaɗi
24 ga Satumba, 2000

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya damina? Ki yi haƙuri da shirun wata huɗu, ba fushi ba ne wannan karon. Yara lafiya. Inna tana nan wurinmu, tana gaishe ki.

Ciwon ya warke tun Yuni, ya fara tafiya, sukari ya sauka. Zuwa Agusta ya zubar da kilo goma sha ɗaya, riguna suka fara yi masa yawa. Sai maganar da kika ce ta zo, amma ba irin wadda na shirya wa ba. Cewa aka yi ƙanjamau ne.

Daga bakin Safiyyah na fara ji, ta dawo daga islamiyya tana kuka, wata ta ce kada a sha ruwa a kofinta. A majalisarsu ta ƙofar gida, masu miƙo masa hannu biyu suka koma ɗaga hannu daga nesa. Masu sayen biredi suka koma kantin gaba. Maigidansa a wurin aiki ya ce ya zauna gida ya huta, in an buƙace shi za a aiko. Har yau ba a aiko ba.

Wata Laraba ya shigo ya zauna a bakin gado ya ce, "Safara'u, ki dafa min shinkafa da kaza. Ki buɗe firjin nan ki kawo lemo."

Na ce, "Ba zan kawo ba."

Ya ce, "Gara in mutu da ƙibata da mutuncina, da in rayu ana nuna ’ya’yana da baki."

Na ce, "Baban Safiyyah, masu nuna ka da baki, ranar da aka yanke maka ƙafa wanne ne zai zo ya kai ka bayi? Ni ce. Kuma zan kai ka, amma ba da hannuna zan dafa abin da zai kai mu can ba. In saki ne ka rubuta, makullin nan dai ba zan ba ka ba."

Tunda muke ban taɓa yi masa magana haka ba. Kwana uku bai ce min uffan ba, yana ci a wurin mai shayi. Ana cikin haka sai ga Inna daga Kibiya, labari ya kai mata. Ta zo da kwalbar man shanu da ƙwaryar fura, tana ganinsa ta fashe da kuka, ta ce na mai da mata ɗa kara. Ranar Litinin ranar ganin likitansa ce, na ce ta raka mu.

Layin masu ciwon sukari ya kai har waje. Inna ta zauna kusa da wani mutum da bai kai ɗanta shekaru ba, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke da fil. Kin san Inna da tambaya. Ya ce mata direban babbar mota ne, da yatsa ya fara shi ma. Da muka shiga, da bakinta ta ce wa likita, "Yaro, gaya min tsakaninka da Allah, ciwon zamanin nan ne da ɗana?" Ya ce an auna tun yana kwance, babu, kuma wannan ramar ita ce maganinsa. Da muka iso gida ta miƙa min man shanun ta ce a yi wa yara miya da shi.

Washegari da aka idar da asuba sai na ji ta a ƙofar ɗakinsa: "Isyaku, fito. Ubanka da shekara saba'in yana zuwa Rano a ƙasa." Yaya, da kin ga abin. Tsohuwa a gaba da carbi da mayafi, shi a baya yana haki, ni a bayansa. Muka bi ta Unguwar Gano har kasuwar Tarauni muka dawo. Da muka zo wucewa ta gaban majalisa, ta tsaya ta gai da su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ni na haife shi. Mai tambaya ya tambaye ni." Ba wanda ya ɗago kai.

Yau kwana ashirin ba mu fasa ba, ko ana yayyafi. Maman Gidiyon maƙwabciyarmu, malamar makarantar nan ’yar Kagoro, ta fara bin mu, ta ce gwiwoyinta sun gaji da ɗaukarta. Maganar mutane ba ta mutu ba, ciniki ma bai dawo duka ba. Ba zan fasa ba.

Taki,
Safara'u


Gyaɗi-Gyaɗi
30 ga Disamba, 2000

Yaya Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah. Ƙanenki ne Isyaku. Na san rabon da ki ga rubutuna tun ina kwalejin horon malamai, ki yi haƙuri. Inna da Safara'u da yara duk suna lafiya, suna gaishe ki.

Safara'u ta ba ni wasiƙunki na karanta, ta kuma gaya min abin da ta rubuta miki a kaina. Ba ta ƙara min ko kalma ba, har ta rage.

Na mayar musu da motarsu. Na koma ofishin ilimi, kuma da ƙafa nake zuwa, minti arba'in. Wasu sun ce korata aka yi, wasu har yanzu ba sa cin abinci kwano ɗaya da ni. Da farko na karɓo takardar gwajin daga asibiti ina yawo da ita a aljihu, don in nuna. Sai na ga wanda zai yarda ya riga ya yarda. Amma mutum biyu daga majalisarmu sun same ni a ɓoye suna tambayar inda ake auna sukari, na raka su. Ɗaya an same shi da ciwon.

Kilo goma sha tara ke nan. Likita ya rage min magani. Lemo har yanzu in na ji an fasa kwalba sai yawuna ya tsinke, ba zan yi miki ƙarya ba.

Akwai abin da na hana Safara'u ta rubuta miki, don kunya. Shekara uku ke nan ban kai goshina ƙasa ba. Ciki ya tokare, gwiwa ta ƙi, numfashi ya ɗauke. A kan kujera nake sallah, a ƙarshen sahu tare da tsofaffin da suka haife ni, ni da ban cika arba'in da biyar ba. Ko da na fara ramewa ban gwada ba, ina tsoron in durƙusa in kasa tashi a gaban mutane.

Ranar Idi Kabir ya ɗauko kujerar roba zai bi ni da ita kamar kullum. Na ce ya ajiye. Na shiga sahu na tsaya. Da liman ya yi kabbarar sujada na bi shi, na sauka, goshina ya taɓa tabarma, na ji tsakuwa a ƙarƙashinta. Yaya, mutane suka ɗago, ni ban ɗago ba. Na kusa da ni ya taɓa kafaɗata, ya zaci faɗuwa na sake yi. Ba faɗuwa na yi ba. Na tashi da kaina, na cika raka'ata tare da jama'a.

Ki nemi hutu ki zo. Zan tare ki a tasha.

Ƙanenki,
Isyaku